Ruwan da ke riƙe da tufkar DNA

Hoton DNA da malami ke zanawa a allo (zaren da ke ɗauke da bayanan gado a cikin ƙwayar halitta, ADN a bakin ƴan lise da ƴan jami'armu) busasshe ne ƙayau: igiya biyu a murɗe, haruffa huɗu A, T, G, C a tsakani, babu komai a kewaye. Haka ɗalibi ke haddace shi, haka yake cin jarrabawa da shi. Alhali wannan siffa da ake zanawa ba ta iya tsayawa da ƙafarta. Da za a ɗauko zaren DNA a shanya shi a iskar Maraɗi ta watan Maris, lokacin da laimar iska da rana ke sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, da tufkar nan mai kyau ta takure ta hargitse. Ruwa ne ke riƙe da ita. Kuma idan furotin ya zo neman mazauninsa a jikin DNA, da ruwan nan yake fara ciniki: wani ya kore shi, wani ya bar shi a wurin ya yi aiki da shi.

Tun ranar farko da ruwa aka soma. A 1951 da 1952, a King's College ta Landan, Rosalind Franklin da ɗalibin da ke aiki da ita, Raymond Gosling, suna ɗaukar hoton zaren DNA da hasken X. Hotunan da aka yi ta samu kafin ita a dagule suke, domin zaren na ɗauke da siffa biyu a cakuɗe. Dabarar da ta raba gardama ita ce sarrafa laima: a bi da iskar haidirojin ta cikin ruwan gishiri kafin ta isa wurin zaren, kowane irin gishiri da laimar da yake bayarwa. A laima wajen kashi 75, zaren na ɗaukar siffar da ta kira A, gajeriya mai kauri, haruffa 11 a kowane zagaye, tazarar nanomita 0.26 tsakanin hawa da hawa (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). Da laima ta haura kashi 90, sai zaren ya sha ruwa ya miƙe, tsawonsa ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, ya koma siffar B, haruffa 10 a zagaye, tazarar nanomita 0.34. A rage laima ya koma A, a ƙara ya dawo B. Hoto na 51, na watan Mayu 1952, hoton jiƙaƙƙiyar siffar B ne, kuma ita masana James Watson da Francis Crick suka bayyana a Afrilun 1953. Samfurinsu na farko, na ƙarshen 1951, mai igiya uku da fosfat (ɓangaren da shi da sukari suka haɗu suka yi jikin igiyar) a ciki, lissafin ruwa ne ya rushe shi: ruwan da suka ba shi bai kai kashi ɗaya cikin goma na wanda Franklin ta auna ba. Ita kuwa yawan ruwan da zaren ke sha ya nuna mata cewa fosfat a waje suke, inda ruwa ke iske su.

Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai tufkar igiyar kaba ya san sai an jiƙa kabar take karɓar murɗa. Misalin ya yi kusa, sai dai a DNA ruwan ba ya tafiya bayan an gama tufka. Yana nan daram a wurare sanannu.

Ƙwayar ruwa ɗaya, wato oksijin ɗaya da haidirojin biyu, faɗinta wajen nanomita 0.28 ne, kuma a lanƙwashe take da kusurwar digiri 104.5. Wannan lanƙwasa ta ba ta hannu huɗu: da biyu tana miƙa haidirojin, da biyu tana karɓa. Irin wannan riƙo shi ake kira ɗaurin haidirojin. Babu wani abu a cikin ƙwayar halitta da ya kai ta iya shiga tsakani, domin ko bayarwa ake nema ko karɓa, juyawa kawai za ta yi.

Idan aka ɗauki busasshen DNA aka riƙa ƙara masa laima kaɗan-kaɗan, ruwan ba ya sauka barkatai. Fosfat yake fara kamawa, ƙwaya kamar shida a kewayen kowane ɗaya, sannan oksijin na sukari, daga ƙarshe gefunan haruffa. Kafin siffar B ta cika ana bukatar ƙwayar ruwa wajen 20 ga kowane harafi da sukarinsa da fosfat ɗinsa. Dalilin takurewa zuwa A ma a nan yake. A siffar B tazarar fosfat da maƙwabcinsa ta kai wajen nanomita 0.7, kowa da nasa ruwan. A siffar A tazarar ta ragu zuwa 0.59, har ƙwayar ruwa ɗaya na iya riƙe fosfat biyu lokaci guda. Tattali ne irin na gidan da rijiya ta yi nisa: ruwa ya yi ƙaranci, sai a matso a sha a ƙwarya ɗaya. Wolfram Saenger da abokan aikinsa ne suka fito da wannan bayani a 1986.

Fosfat ɗin nan duk cajinsu iri ɗaya ne, na ragi, don haka ture juna suke yi. Ruwa na rage ƙarfin wannan turi har ninki kusan 80, gishirin da ke narke a ciki, sodiyom da potasiyom da magneziyom, ya ƙarasa sauran. Shi ya sa idan aka narka DNA kaɗan a tsantsar ruwan da babu ɗigon gishiri, igiyoyin biyu na iya rabuwa ko ba a ɗumama sosai ba. A cikin tufkar kuma wani abu ne daban. Ana koya wa ɗalibai cewa ɗaurin haidirojin biyu na A da T, da uku na G da C, su ne ke riƙe igiyoyin. Gaskiya ce rabi. Harafin da ya saki abokinsa ba ya zama hannu wofi, ruwa na nan zai kama shi, saboda haka ribar ɗaurin ba ta kai yadda ake zato ba. Babban aikin ɗaurin shi ne tantance wa ya dace da wa. Mafi yawan ƙarfin yana fitowa ne daga yadda haruffan, masu faɗi kamar faifai, ke kifuwa kan juna suna ɓoye fuskarsu daga ruwa.

Tufkar tana da kwari biyu da ke bin ta a murɗe, kamar kwarin da ke tsakanin kunya da kunya a gona: babba mai faɗi da ƙarami matsattse. A 1981 Horace Drew da Richard Dickerson, a Kalifoniya, suka duba kiristal na guntun DNA mai haruffa 12, CGCGAATTCGCG, suka ga abin da ba a zana a allo. A tsakiya, inda AATT yake, ƙaramin kwarin ya matse, kuma ruwa ya jeru a cikinsa reras. Sahun farko yana can ƙasa, kowace ƙwaya ta kama naitirojin na A a igiya ɗaya da oksijin na T a ɗaya igiyar, hawa ɗaya gaba. Sahu na biyu yana bisa, kowace ƙwaya ta haɗa biyu na ƙasa. Sai abin ya fito kamar sarƙa mai zikzak, suka ba ta sunan da ke nufin ƙashin bayan ruwa. Inda G yake sarƙar na yankewa, domin G na da wani reshen amino da ya leƙo cikin kwarin ya tare gurbin. Ma'ana jerin haruffa na barin sawunsa a jikin ruwa, kuma mai iya karatun sawu zai gane harafi ko bai taɓa shi ba.

Kada a ɗauka ƙanƙara ce. Yawancin ruwan da ke jikin DNA musanyawa yake yi cikin ƴan pikosakan, na ƙaramin kwari ya fi daɗewa, har zuwa wajen nanosakan ɗaya (kashi ɗaya cikin miliyan dubu na daƙiƙa, wato pikosakan dubu). Gurbin ne tsayayye, mai zama a ciki yana canzawa, kamar rumfar mai shayi da ba ta rabuwa da mutum a kan benci.

Wannan magana ta iso har garke. Diminazen, allurar sammore da makiyaya da likitocin dabbobi suka fi sani da Berenil, cikin ƙaramin kwarin DNA take shiga, a wuraren da A da T suka yi yawa. Ƙwayar cutar sammore kuwa tana da wani dunƙulen DNA na musamman, kinetoplas, da ke cike da irin waɗannan wurare. Maganin siriri ne mai ɗan lanƙwasa, ya kori sarƙar ruwan ya kwanta a makwancinta. Da aka duba kiristal ɗinsa da guntun Dickerson a 1990, sai aka ga bai kori ruwan duka ba: a gefe ɗaya ya kama harafi kai tsaye, a ɗaya gefen ƙwayar ruwa ce ta cike giɓin. Launukan da ake rina DNA da su don duba shi a madubin labo, DAPI da Hoechst, su ma wannan kwarin suke bi.

Furotin ma jiƙaƙƙe yake zuwa. Kafin fuskarsa ta haɗu da ta DNA dole ruwa mai yawa ya tashi daga ɓangarorin biyu, da gishirin da ke manne da fosfat. Wannan tashi ba asara ba ce. Ruwan da ke ɗaure a gurbi ɗaya, idan aka sake shi ya koma cikin ƴan uwansa, ya sami walwala, kuma walwalar nan, wadda masana ke kira antirofi, riba ce da ke tura haɗuwar gaba. Jack Dunitz ya ƙiyasta a 1994 cewa ɗaure ƙwayar ruwa ɗaya tam na iya cin har kilokalori 2 a kowane mol, sakinta kuma ya maido da hakan. Furotin masu shiga ƙaramin kwari a wuraren A da T, irin su TBP mai kama jerin TATA yana lanƙwasa DNA da digiri wajen 80, sun fi kowa cin wannan riba. Da za a auna zafi kawai, haɗuwarsu shan zafi take yi maimakon fitarwa, ba ta da dalilin faruwa. Sakin ruwan kwarin ne ke biyan kuɗin.

Sai ruwan da ba ya tashi. Shekaru da dama an tsaya a kan ra'ayin Seeman da Rosenberg da Rich na 1976, cewa furotin na karanta haruffa kai tsaye a babban kwari: cikin amino asid, wato tubalan da aka gina furotin da su, arjinin ya kama G da hannu biyu, asparajin ko gulutamin su kama A. Ra'ayin daidai ne, ana ganinsa a furotin da yawa. Amma a 1988 ƙungiyar Paul Sigler ta fito da siffar wani furotin na bakteriyar E. coli, mai rufe hanyar ƙera amino asid ɗin tiriptofan idan ya wadata, yana zaune a kan DNA ɗinsa. Kusan babu wurin da ya taɓa muhimman haruffan da kansa. Ƙwayoyin ruwa ne a tsakani, furotin ya riƙe su ta wannan gefe, su kuma sun riƙe haruffa ta wancan. Mutane da yawa ba su yarda ba, wasu suka ce kiristal ɗin ne ya kama furotin a wurin da ba nasa ba. Hujjarsu mai ƙarfi ce: abin da ke iya bayarwa da karɓa duka, ta yaya zai bambanta A da G?

Amsar ita ce ruwan da aka ɗaure ba shi da sauran zaɓi. Idan furotin da fosfat suka riƙe hannuwansa biyu ko uku, wanda ya rage fuska ɗaya yake kallo, kuma aiki ɗaya zai iya, ko bayarwa ko karɓa. Gefen G a babban kwari karɓa ne da karɓa, na A karɓa ne da bayarwa. Ruwan da aka juya don ya miƙa haidirojin zai zauna lafiya da mai karɓa, ya yi karo da mai bayarwa. Ya zama tamkar an ƙara wa furotin tsawon yatsa. A 1994 aka sami hujja biyu: canza amino asid ɗin da ke riƙe ruwan ya canza jerin da furotin ke so, kuma da aka duba wannan DNA shi kaɗai ba furotin, sai ga ruwa zaune a yawancin guraben tun kafin baƙon ya iso. A ganina wannan shi ne abu mafi kyau a duk fannin, kuma ya cancanci a koyar da shi tun shekarar farko ta jami'a.

Wanda ke aiki a labo ya fi kowa cin karo da wannan, ko da bai san sunansa ba. EcoRI anzim ne, wato furotin mai aiki, mai yanka DNA a jerin GAATTC, tsakanin G da A. Wuƙar ma ruwa ce: da taimakon magneziyom, ƙwayar ruwa ke afka wa fosfat ta tsinke igiyar. Lokacin da anzim ɗin ke zamewa a jikin DNA yana neman wurinsa, akwai shimfiɗar ruwa tsakaninsu. Da ya iske GAATTC sai ya matse ruwan ya fita, ya rungumi wurin. Nina Sidorova da Donald Rau sun auna a 1996 cewa bambancin zaman nema da zaman samu ya kai ƙwayar ruwa wajen 110. Robinson da Sligar kuma sun riga sun nuna a 1993 cewa duk abin da ke janye ruwa daga haɗin, gilisarol ko sukari ko alkol, yana sa anzim ya soma yanka wuraren da suka yi kama da nasa amma ba su ba, irin TAATTC. An taya shi matse ruwan da ya kamata ya hana shi zama a gidan wani.

Ga yadda abin ke cizo. Anzim na zuwa ne cikin gilisarol kashi 50, don kada ya daskare a firiza. Ƙa'ida ita ce gilisarol kada ya wuce kashi 5 a haɗin ƙarshe, wato anzim kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na jimla. Mai tattalin kaya sai ya haɗa mikrolita 20 da anzim mikrolita 2, yana kan iyaka cif. Ya sa tib a banmari, tukunyar ruwan ɗumi ta labo, mai digiri 37 ya bar shi ya kwana. Ruwa ya tashi ya taru a murfi, ko ya sulale in murfin bai kama ba, kuma iskar hunturu da ta bazara ba ta barin ko ɗigo. In mikrolita 5 suka tafi, gilisarol ya kusa kashi 7. Da safe jel ɗin da ke raba guntayen DNA bisa tsawonsu ya nuna layuka shida inda ake jiran biyu, a shiga zargin anzim ko wanda ya ciro DNA. Maganinsa mai sauƙi ne: haɗin mikrolita 50, anzim mikrolita 1, awa ɗaya ko biyu, a wurin da murfi ma ke ɗumi, a juya tib ɗin a inji na ƴan daƙiƙoƙi kafin a buɗe. A Afrilu da Mayu kuma a sa ma'aunin zafi cikin banmarin, domin ɗumamawa kawai ya iya. In kuran ya ɗauke na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, ɗakin kansa na iya wuce digiri 40.

Tara DNA da alkol ma wasa ne da ruwa. A zuba sodiyom asetat mai ƙarfin mola 3, pH 5.2, kashi ɗaya cikin goma na yawan ruwan, sannan etanol ninki 2 zuwa 2.5. Etanol ba ya kare caji kamar ruwa, nasa ninki 24 ne kawai a maimakon 80, sai sodiyom ya manne wa fosfat, turin ya mutu, DNA ya dunƙule ya faɗo. A juya a inji minti 15 zuwa 30, a wanke da etanol kashi 70, wanda ruwansa ya isa ya narkar da gishiri amma bai isa ya narkar da DNA ba. Wurin shanyawa ake yawan kuskure. Takardun aikin da aka rubuta a Turai kan ce minti 10 ko 15. A nan, da rani, minti 5 na iya isa. Alamar ita ce warin alkol ya tafi, gefen ɗan dunƙulen ya soma sheƙi kamar gilashi. In ya bushe ƙamas, DNA mai tsawo ya kan ƙi narkewa, sai an bar shi ya kwana a firigo cikin tampon TE, wato Tris milimola 10 a pH 8 da EDTA milimola 1, ko a ɗumama shi kaɗan a digiri 55. In kuma aka yi gaggawa etanol ya rage, shi ma zai sa anzim yankan ganganci, ya kuma sa samfurin ya taso daga ramin jel.

Malamin lise na iya nuna wannan da rabin albasar Galmi. A yanka ƙanana, a zuba ruwa mililita 100 da sabulun wanke kwanoni na ruwa mililita 10 da gishiri giram 3, a ajiye cikin ruwan zafi mai digiri 60 na minti 15, a sanyaya da ƙanƙara, a daka kaɗan, a tace da tsumma mai tsabta. Sai a karkata kofin gilashi a tsiyaya alkol mai sanyi ƙarara a hankali ta gefe, ninki biyu zuwa uku. Farin zare mai yauƙi zai taso a inda ruwan biyu suka haɗu, DNA ne haɗe da RNA da wasu tarkace. Abin da ke kayar da wannan gwaji a gaban ɗalibai kusan kullum ɗaya ne: alkol na 70 da aka fi samu a farmasi. Ninki biyu nasa a kan ruwan albasa ya sauko kashi 47, bai isa ba. A nemi na 90 ko 95.

Ruwan da ke riƙe DNA shi ne kuma ke cinsa a hankali. Tomas Lindahl, wanda ya sami kyautar Nobel a 2015, ya nuna cewa a kowace ƙwayar halittar mutum ruwa na ɓalle haruffan A da G wajen 10,000 a kullum, jiki na bi yana gyarawa. Samfurin da ke cikin tib ba shi da mai gyara, kuma ruwa mai tsami na hanzarta ɓarnar, dalilin ajiya a pH 8 ke nan. Don ajiya mai tsawo ba firiza, bushewa ta fi, shi ya sa ɗigon jini a takardar tacewa ya zama abin dogaro a binciken zazzaɓin cizon sauro. Sharaɗin shi ne ya bushe sarai: aƙalla awa 3 zuwa 4 a inuwa, a kwance, nesa da rana da ƙura, kowace takarda a ledarta da ƙunshin silika. Matsalar ita ce lokacin da aka fi ɗibar samfurin, Agusta zuwa Oktoba, shi ne lokacin da iska ta fi laima. Takardar da aka rufe da sauran danshi fumfuna za ta yi, anzim ɗin da ke cikin jinin su farka su cinye abin da aka adana. A bar ta ta kwana a buɗe in hadari ya haɗo, a kuma canza silika da zarar launinsa ya juya.

Ɗalibin da ke da kwamfuta da ɗan intanet na iya ganin duk wannan da idonsa. A rumbun siffofi na PDB, lambar guntun Dickerson 1BNA ce, ta furotin ɗin Sigler 1TRO. A buɗe a manhajar PyMOL ko makamancinsa, ruwa na ɗauke da alamar HOH, oksijin kawai za a gani domin hasken X ba ya nuna haidirojin sosai. Masu gwada dacewar magani da DNA ko furotin a kwamfuta sun saba goge ruwan duka tun matakin farko, don haka umarnin da suka kwafa ya ce. Kafin a goge, a auna: duk ƙwayar da ke tsakanin nanomita 0.26 da 0.33 daga furotin, kuma tazara irin wannan daga harafi ko fosfat, a bar ta a wurinta, a yi lissafin sau biyu, da ita da kuma ba ita, a kwatanta.